Shekara Bakwai da Aka Ƙara wa Nasidi

Ni na girmi Nasidi. Na faɗi maganar nan ina yaro, na faɗe ta da gemu a haɓata, amma duk garinmu Kwanyawa babu wanda ya taɓa ba ni amsa sai dariya. Laifina ɗaya ne, ni gajere ne. Shi kuwa Allah ya ja shi sama har ba ya shiga zauren kowa sai ya naɗe jikinsa kamar tabarma.

Sunana Mijinyawa, tela ne ni a kasuwar Karaye. Ubana da uban Nasidi ciki ɗaya suka fito. Uwarsa, Inna Kande, 'yar Beli ce ta wajen Rogo, kuma da yake cikin fari ne, can gidan iyayenta ta tafi ta haife shi. Ba ta dawo ba, domin mijin ya rasu tana can. Da yaron ya ɗan yi wayo aka ɗauko shi aka kawo wa ubana riƙo. Ina tune da ranar sarai. Ni a lokacin har an fara tura ni kiwon awaki, shi kuwa ko sunansa bai iya faɗa daidai ba, ga majina har baki. Amma da aka tsayar da mu, kansa na taɓa kunnena.

Wanzami ne ya ƙarasa ni. Shekarar da za a yi mana kaciya ya jera yaran unguwa a jikin katanga yana zaɓen waɗanda suka isa, ba ya tambayar kowa komai, ido kawai yake sawa. Ya zo kan Nasidi ya ce wannan ai har lokaci ya so ya wuce shi. Ya zo kaina ya tsaya yana shawara. Da ƙyar ubana ya sa baki aka haɗa da ni. Daga ranar Nasidi ya zama sa'anmu, kuma tun da ya fi kowa tsawo, sai ya zama babbanmu. Shi ke fara sa hannu a akushi, shi ke raba nama. Aka tilasta mini in riƙa ce masa Yaya, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu, ko kunya babu.

Da ya tasa ya tafi Kano cin rani yana dakon buhunan gyaɗa. Can wani malamin motsa jiki ya hango shi ya ɗora buhu a kan mota ba tare da ya taka tsani ba, ya bi shi har masauki yana roƙonsa ya zo ya koyi ƙwallon kwando. Wasan, yadda ya kwatanta mini, mutum biyar-biyar ne, da zoben ƙarfe a maƙale can sama. Aikin Nasidi ya tsaya a gindin zoben, duk ƙwallon da aka jefa ta ƙi shiga ya cafe ta kafin wani, in kuma abokan karawa suka zo jefa tasu ya mare ta ta koma inda ta fito. Shekara biyu ya yi yana wasa a Kano, uku a Ikko, sai wani Bature mai horar da 'yan wasa ya ɗauke shi zuwa Beljiyam, wani gari da sunansa ya fi ƙarfin harshena. Can wasan sana'a ne kamar ɗinki, da shi ake ci, da shi ake sha.

Lokacin da za a yi masa fasfo aka aiko gida neman shekarunsa. Ubana ya riga ya rasu, sai maganar ta faɗa hannun mai unguwa Barau. Barau ya ce sa'an su Mijinyawa ne, sannan ya ce a ɗora masa uku a kai, kada Turawa su gan shi yaro su riƙa aikensa sayen goro. Kowa ya yaba wannan hangen nesa. Ni kaɗai na ce a yi hattara, aka ce hassada ce.

Shekara shida Nasidi yana can, yana aiko da hotuna, kullum shi ne a sahun baya. A daminar alif ɗari tara da saba'in da huɗu, ranar kasuwa, ina kan keken ɗinki sai na ga rumfata ta yi duhu. Na ɗaga kai in ga ko hadari ne, sai na ga gwiwoyi.

Muka gaisa yadda ya kamata, gajiya, hanya, mutanen can, sanyin can. Sai ya zauna a kan bencin masu jiran ɗinki, bencin ya yi ƙara, ya ciro wata takarda.

Ya ce, "Mijinyawa, suna so su sallame ni."

Na ce, "Me ka yi musu?"

Ya ce, "Tsufa. Sun duba fasfo sun ga talatin da biyar. Sun ce ba sa sabunta kwantiragi da mai talatin da biyar, ko da yana tashi sama. Na ce musu jikina bai kai haka ba, likitansu ma ya ce bai kai ba. Suka ce to in kawo takardar kotu mai hatimi kafin ƙarshen watan gobe, in ba haka ba su ba wani Ba'amurke gurbina."

Na ajiye almakashi a hankali. Shekara ashirin da wani abu ina jiran irin wannan rana, ban so in yi gaggawa in ɓata ta.

Na ce, "To ai mai sauƙi ne. Kai ne babba, ka fi ni sanin lokacin da aka haife ka."

Ya ce, "Kai ma ka san ba haka ba ne."

"Me na sani?"

"Ka san ka girme ni."

Na ce, "Hayaniyar kasuwa ta yi yawa, ban ji ba."

Ya maimaita. Na ce har yanzu ban ji ba, kuma maƙwabcina mai sayar da zare shi ma yana so ya ji. Haka na sa shi ya faɗa sau uku, na ƙarshen a durƙushe, da Yaya a gaba. Ko a durƙushen ma sai da na ɗan ɗaga haɓa kafin mu haɗa ido, amma ban damu ba. Daɗin da na ji ranar, ko ranar da aka kawo mini amarya ban ji shi ba. Da na duba fuskarsa sosai sai daɗin ya ragu. Tsoro ne kwance a kanta. Mutumin nan bai iya noma ba, bai iya ɗinki ba, abu ɗaya ya iya a duniya, kuma ana shirin karɓe masa shi saboda kirkin Barau.

Washegari muka je kotun alƙali a nan Karaye. Magatakarda ya ce a kawo dattawa biyu da za su yi shaida. Na tafi Kwanyawa da kaina na ɗauko Barau da wani tsoho abokin zamansa, na zaunar da su a inuwa na yi musu bayani dalla-dalla. Na ce rage shekaru ake so, ragewa. Suka ce sun gane, in kwantar da hankalina.

Alƙali dattijo ne mai farin gemu da sanyin magana. Ya dubi Nasidi tun daga ƙasa har sama, ya ce a ba shi wuri ya zauna don wuyan kotu ya huta. Sannan ya tambayi Barau shekarun wannan bawan Allah.

Barau ya gyara rawani. Ya dubi jama'ar da ta cika ƙofa tana kallon ɗan Kwanyawa da ya dawo daga Turai, na ga idonsa ya canza, na san mun shiga uku.

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wannan da kake gani ba yaro ba ne. Mutum ne da ya zauna da manya a ƙasar Turawa. Arba'in, in an yi masa adalci."

Ɗaya tsohon ya ce, "Da biyu."

Nasidi ya dafe kai. Ni kuwa na miƙe na fara magana ba a ba ni izini ba, sai da ɗan sandan kotu ya zaunar da ni. Da muka fito na tare Barau na ce ba haka muka yi da shi ba. Ya ce ya sani, amma ba zai iya tsayawa gaban mutanen Karaye ya mayar da ɗan garinsu ƙaramin yaro ba, in ni ba ni da kishi shi yana da shi.

Alƙali bai rubuta komai ba. Ya sa aka kira mu ya ce dattawan nan ƙauna suka kawo, ba shaida ba. Ya tambaya ko wadda ta haife shi tana raye. Muka ce tana Beli. Ya ce to ita za a kawo, mace ba ta manta irin wannan.

Nasidi ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ɗan fari ne."

Alƙali ya shafa gemu, ya ce, "Af."

Duk wanda ke wurin ya gane. Uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta hira da shi, ba ta nuna ta san da zamansa, balle ta tsaya gaban maza ta ba da labarin haihuwarsa. Wasu matan kan sassauta in an girma. Inna Kande ba ta cikinsu. Ni shaida ne, akwai sallar da muka je gaishe ta muna samari, ta yi mini hira har la'asar, shi kuwa ta ce wa ƙanwarta a ba baƙo ruwa. Alƙali ya ce duk da haka mu gwada, ya ba mu kwana bakwai.

Muka ari kekuna biyu muka kama hanyar Beli da sassafe. An yi ruwa, hanya duk laka. Nasidi a kan keke gwiwoyinsa na wuce hannun keken, manoma na ajiye fartanya suna kallo, mata masu kai abinci gona na tsayawa da ƙwarya a ka. Rabin tafiyar shi ya ɗauki keken a kafaɗa, ya ce ya fi masa sauƙi.

Inna Kande muka tarar a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. 'Yar ƙaramar mace ce, ni kaina na fi ta tsawo, har yau ban san ta inda Nasidi ya samo nasa ba. Ta yi mini maraba da murna, ta tambayi matata da yara ɗaya bayan ɗaya. Nasidi ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta. Ta amsa wa ƙwaryar gyaɗa. Ya koma ƙofar gida ya zauna a gindin dalbejiya.

Na bi ta a hankali. Na ce, "Inna, wata 'yar tambaya ce ta kawo mu, game da lokacin da aka samu wancan."

Ta ce, "Kajin nan sun ishe ni, Mijinyawa. Miƙo mini karan can."

Na miƙa mata. Na ce, "Aikinsa ne zai lalace, Inna. Kalma ɗaya alƙali yake so."

Ta ce, "Bana gyaɗarku ta yi kyau a Kwanyawa? Tamu ruwa ya so ya yi mata yawa."

Na zaga ta gabas, na zaga ta yamma, har na ɗan ɗaga murya, Allah ya yafe mini. Ta kawo mini fura ta ce in sha, da alama rana ta taɓa ni a hanya. Na fito a fusace na zauna kusa da Nasidi, na ce masa uwarsa ta fi dutse tauri. Ya ce kada in ga laifinta, shi ma da ta buɗe baki ta yi maganarsa da kunya ta kashe shi. Ya faɗi haka yana murmushi, amma muryarsa ba ta yi murmushi ba.

Muna nan zaune sai ga Jibo Soja. Jibo tsoho ne da ya yi yaƙin Bama, taubashin Inna Kande, gidansa na jikin nata. Ya ji an ce wani ya zo daga ƙetare, ya ɗauko sandarsa ya zo ya nuna mana cewa ba yau aka fara ƙetare teku a Beli ba. Ya ba mu labarin jirgin ruwa, da daji, da sauro mai girman fara. Bai bar Nasidi ya ce uffan game da Beljiyam ba. Daga nan ya gangaro kan ranar da ya dawo gida.

Ya ce, "Ranar nan ko kaza ba ta zauna a gida ba. Da kalangu aka tare ni tun daga rafi. Maza, mata, tsofaffi, makafi ma sun fito kallona. Babu mahaluki ɗaya a Beli da bai fito ba."

Sai muka ji murya daga bayan danga. "Ƙarya kake, Jibo."

Jibo ya juya wajen dangar. Ya ce, "Kande, ke ce a gaba ma, kina guɗa."

Ta ce, "Ni? In yi wa wa guɗa, mai kunnuwa kamar faifai? Ban fito ba, ban gan ka ba, kuma da aka ba ni labari ban ji na yi asarar komai ba."

"To me ya hana ki, in ba baƙin ciki ba?"

"Kwanana goma sha biyu a ɗaki ina wankan jego, wa zai bar ni in fita kallon soja? Ganyen wankan ma ranar a makare aka kawo, duk an tafi kallon kunnuwanka."

Sai a nan ta ji abin da bakinta ya faɗa. Muka ji ta ja ƙwaryarta ta shige ɗaki.

Na kama hannun Jibo na ce yana da wata takarda daga soja? Ya ce tambaya nake? Ya shiga gida ya fito da wani gwangwani, a ciki akwai littafin sallamarsa naɗe a tsumma uku. Nasidi ya buɗe ya karanta. Alif ɗari tara da arba'in da shida, farkon damina. Ya ƙirga da yatsu sau biyu. Ashirin da takwas.

Sauran aiki a kawo ta kotu. Na koma wajen alƙali ni kaɗai na kwashe labari na faɗa masa. Ya yi dariya har ya share ido. Ya ce in je in gaya mata kotu na nemanta a kan maganar dawowar Jibo daga Bama, kuma ba ƙarya na yi ba, domin abin da za a tambaye ta ke nan. Na kai mata saƙon. Inna Kande ba yarinya ba ce, ta san abin da ake ciki sarai. Ta ce in dai don a ƙaryata Jibo ne, ko Kano za ta je.

Ranar ta zo cikin lulluɓi, ta zauna a tabarma ta ba ƙofa baya. Nasidi ya tsaya a bakin ƙofar, ya kasa shigowa ya kasa tafiya. Aka fara da Jibo, wanda ya zo da lambobinsa a ƙirji yana shirin ba da labarin jirgin ruwa. Alƙali ya karɓi littafin, ya sa magatakarda ya karanta shekarar, ya yi masa godiya, ya ce ya zauna.

Sannan ya juya wajenta, ya rage murya. Ya ce, "Baiwar Allah, wannan mutum ya ce duk Beli an fito tarbarsa. Haka ne?"

Ta ce, "Ban da ni."

"Me ya tsare ki?"

"Jego."

"Na fari ko na baya?"

Ta ce, "Na fari."

Alƙali ya ce, "Abin da aka samu a wannan jegon, Allah ya raya?"

Ta ce, "Haka nake ji ana faɗa."

Mutane suka fara dariya ƙasa-ƙasa, alƙali ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya ce, "Saura tambaya ɗaya, kuma ba suna nake nema ba. In yana kusa, kotu na so ta san wane ne."

Na ce a raina nan za ta tashi ta tafi, shi ke nan Ba'amurke ya samu aiki. Ta ja lulluɓinta ta ƙara rufe fuska, ba ta waiwaya ba.

Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, tun ɗazu wani ya tare muku hasken ƙofa. A ce masa ya zauna."

Alƙali ya ce wa magatakarda ya rubuta. Aka buga hatimi, aka miƙa wa Nasidi takarda mai cewa ashirin da takwas. Barau, da ya zo kallo, ya fita yana faɗin an zubar wa Kwanyawa da mutunci a bainar jama'a. Jibo kuma ya tsaya yana neman a rubuta cewa ban da mutum ɗaya kowa ya fito.

Takardar ta isa Beljiyam a kan lokaci, Nasidi ya ƙara shekara biyar yana wasa kafin ya ajiye don kansa. Amma duk lokacin da aka tambaye ni labarin, ba wannan ne ke fara zo mini ba, abin da ya faru a ƙofar kotu ne.

Mun fito, na samo wa Inna Kande gurbi a motar da za ta Rogo. Tana tsaye tana jiran a gama lodi, Nasidi ya zo ya durƙusa taku biyu daga inda take, ya ce ya gode, Allah ya saka da alheri. Ba ta dube shi ba. Ni ta kira.

Ta ce, "Mijinyawa."

Na ce, "Na'am, Inna."

Ta ce, "Ka gaya wa ƙanenka ya daina ɗora nauyinsa a ƙafar hagu in zai tashi. Tun yana rarrafe ita ce mai gardama. Kullum da man shanu nake murza ta, safe da yamma, har ranar da aka zo aka ɗauke shi. Na gaya wa wanda ya zo ɗaukarsa a ci gaba, ban sani ba ko an yi."

Ba a yi ba. A gidanmu ya tashi, ɗaki ɗaya muke kwana, ban taɓa sanin yana da wata ƙafa mai gardama ba. Daga baya ya gaya mini likitan kulob ɗinsu sai da ya ɗauki hoton ƙashi kafin ya gano ta. Ita kuwa, a iya sanina, ko sau ɗaya ba ta ɗaga ido ta dube shi ba tun da muka je Beli.

Ta ce, "Ka kuma ce masa in akwai man shanu a can, ya nema."

Na juya wajen Nasidi, yana nan durƙushe, ya ji komai da kunnensa. Duk da haka na faɗa masa, kalma bayan kalma, yadda aka aiko ni, domin ba ta da wata hanyar da za ta yi masa magana sai ta bakina. Shi kuwa hawaye ke sauka a kan takardar da muka sha wuya a kanta, sai da na fizge ta daga hannunsa kada tawadar ta jiƙe.

Ya ce, "Ka ce mata akwai."

Na juya na ce mata akwai. Ta ce to, ta kama ƙarfen mota ta hau.